Tsohuwar kwamfuta ba ta mutu ba, lodi ne ya yi mata yawa

A wata makarantar Islamiyya da ke Agege akwai kwamfutocin cinya guda huɗu da wani bawan Allah ya ba da sadaka shekarun baya. Uku manya ne irin na ofis, ɗaya kuma 'yar ƙarama ce da ba ta fi littafin rajista faɗi ba. Shugaban makarantar ya sa aka kira ni bayan la'asar, ya nuna mini su jere a kan benci, ya ce: "Ɗana, duba mana waɗannan. Idan sun mutu ne ka faɗa mini gaskiya, mu kai wa 'yan gwangwan su ba mu abin da ya samu." Na kunna ta farko, muka zauna muna jira. Kafin ta gama buɗewa har an kawo mini ruwa na sha. Na ce masa: "Allah gafarta Malam, ba mutuwa suka yi ba. An ɗora musu kayan da ya fi ƙarfinsu ne."

Wannan magana ita ce nake so in warware, tare da yadda Linux, wata babbar manhaja mai tafiyar da inji kamar Windows, ke farfaɗo da tsohuwar kwamfuta, domin irin waɗannan injuna sun cika Legas, kuma za su ƙaru. Ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba yi wa Windows 10, sai dai wani ƙarin wa'adi na ɗan lokaci ga wanda ya yi rajista. Windows 11 kuma ya zo da sharuɗɗa: sai inji yana da wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma idan ƙwaƙwalwarsa ta kamfanin Intel ce, sai ta kasance daga zubi na takwas zuwa sama, wato kusan abin da aka ƙera daga 2017. Duk wanda ya san yadda kayan tokunbo ke tafiya ya san abin da zai biyo baya. Ofisoshin Turai da Amurka su sauke tsoffin injunansu, a loda su a kwantena, su sauka a Apapa ko Tin Can, su bazu a shagunan Computer Village da ke Ikeja da kasuwar Alaba. ThinkPad da Latitude da EliteBook masu ƙarfen jiki, allonsu garau, maɓallansu lafiya, laifinsu kawai shekarar haihuwa.

Abin da mai shago ke yi sananne ne. Ya tsallake sharuɗɗan da dabara ya cusa Windows 11, ko ya bar tsohon Windows ɗin da aka fasa makullinsa, ya haɗa maka da Office ɗin da shi ma an fasa. Ka kai gida tana aiki, ka ji daɗi. Matsalar ba ta nuna kanta a ranar. Microsoft da kansa ya ce injin da bai cika sharaɗi ba, babu tabbacin zai ci gaba da samun sabuntawa. Babbar manhajar da ba a toshe mata ɓarakar tsaro kuwa kamar gida ne da ƙofarsa ta ɓalle aka ƙyale. A 2017 cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta kulle injuna a ƙasashe da yawa, har da asibitocin Ingila, kuma waɗanda ta fi kamawa su ne waɗanda ba a sabunta ba. Mu a nan ba sai mun je nesa ba: kowa ya taɓa kai filasharsa shagon buga takardu ya dawo ya tarar duk fayilolinsa sun ɓuya, an bar masa gajerun hanyoyi da ba sa buɗe komai.

Akwai wata hanya, kuma ta girmi yawancin yaran da ke gyaran waya a yau. A 1983 Richard Stallman ya fara aikin GNU a Amurka da niyyar a samar da babbar manhajar da kowa ke da 'yancin dubawa, gyarawa da rabawa. A 1991 wani ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya rubuta zuciyar tsarin, wato ɓangaren da ke magana kai tsaye da ƙarfen inji, aka sa mata suna Linux. Lasisin da aka sake ta a ƙarƙashinsa, GPL, ya halatta maka ka kwafa ka ba maƙwabcinka, ka sa a injuna ɗari, har ka karɓi kuɗin aikin sakawa. Sharaɗin shi ne idan ka gyara ka raba wa jama'a, to ka raba tare da asalin rubutun gyaran. Wannan batu ya fi komai jan hankalin Malam. Ya tambaye ni sau biyu ko na tabbata masu abin sun yarda. Mutum ne da ba ya son shubuha ta shigo masa makaranta, kuma na ga alamar bai taɓa sanin cewa abin da ke cikin injunan nasa ba da izinin masu shi aka saka ba.

Abin da ke rikita sabon shiga shi ne sunaye. Ya ji Ubuntu, ya ji Debian, ya ji Mint, ya ji Fedora, ya rasa wanne ne Linux ɗin. Dukkansu ne. Wanda ya taɓa tsayawa a Mile 12 da asuba ya ga motocin da ke sauke tumatir da albasa daga Arewa zai gane. Inji iri ɗaya ne a ƙarƙashi, amma wannan an gina masa bodin katako, wancan na ƙarfe, wani an yi shi don shanu. Linux shi ne injin, sauran sunayen masu gina bodi ne. Debian ta fara a 1993, 'yan sa kai ke tafiyar da ita. Ubuntu ta fito a 2004, Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ne ya kafa ta a kan Debian, sunan ma daga harsunan Zulu da Xhosa aka ɗauko shi. Linux Mint ta biyo baya a 2006 a kan Ubuntu, kuma fuskarta ta yi kama da ta Windows ɗin da mutane suka saba, shi ya sa nake fara nuna wa mutane ita.

Wannan rabuwa ta inji da bodi ita ce sirrin da ya sa tsohuwar kwamfuta ke farfaɗowa. A Windows fuskar da kake gani a haɗe take da sauran tsarin, ba ka da zaɓi. A Linux kana iya zaɓar fuska mai nauyi da ƙyale-ƙyale, ko mara nauyi kamar Xfce ko LXQt, wadda za ta buɗe ta zauna ba ta ci gigabait 1 na ram ba, wato ma'ajiyar wucin-gadi da inji ke ɗora aikin da yake yi a kai. Injin da ke da gigabait 4 sai ya samu sarari ya yi aikin da ka saye shi dominsa. Haka kuma babu tarin shirye-shiryen da ke tashi a ɓoye suna ta karatu da rubutu a faifai alhali kai ko maɓalli ba ka taɓa ba.

Sai dai kada wani ya ɗauka sihiri ne. Rabin nauyin da mutane ke kuka da shi ba daga manhaja yake ba, daga tsohon faifan ajiya ne mai juyawa. Cire shi a sa SSD, wato ma'ajiya mai sauri da ba ta juyawa, ko da ƙarami ne mai gigabait 128, yakan canza inji fiye da duk wata dabara. Idan aka haɗa biyun, SSD da Linux mara nauyi, injin 2012 ko 2014 sai ya koma abin da ɗalibi zai yi shekaru yana aiki da shi. Batir ɗin da ya mutu kuma ya mutu, babu manhajar da za ta tashe shi. Gaskiya ma a wasu injuna Windows ya fi daɗewa a kan batir, domin kamfanin da ya ƙera injin da Windows ya gwada shi ya daidaita. Akwai wata 'yar manhaja mai suna TLP da ke rage tazarar. A garin da ake ɗauke wuta babu sallama, kuma man janareto ya yi tsada tun cire tallafi a Mayun 2023, wannan ba ƙaramin batu ba ne, ya kamata mai saye ya auna shi da agogo kafin ya yanke shawara.

'Yar ƙaramar ta kan benci labarinta daban ne, kuma akwai abin tausayi a ciki. Irinta ake kira netbuk. A 2007 kamfanin Asus na Taiwan ya fitar da Eee PC, allonta inci 7, kuma da Linux ta zo daga masana'anta, wani nau'i mai suna Xandros. Acer ya biyo da Aspire One a 2008, ita ma da nata Linux ɗin. A daidai wannan lokaci ne shirin nan na ba kowane yaro kwamfuta, wanda Nicholas Negroponte ya jagoranta, ya kawo korayen injunansa masu Linux wata makarantar firamare a Galadima, gefen Abuja. An yi zaton ƙananan injuna masu araha su ne za su kai Linux hannun talaka. Microsoft ya ga haka ya tsawaita rayuwar Windows XP musamman domin su, cikin ɗan lokaci yawancin netbuk suka koma Windows. Daga baya wayoyin shafa da allunan hannu suka zo suka share kasuwar gaba ɗaya.

Waɗanda suka rage a hannun mutane yau galibi suna da ƙwaƙwalwar Intel Atom da ram gigabait 1 ko 2, kuma na farko-farkon cikinsu tsohon tsarin ƙwaƙwalwa ne da ake kira 32-bit. Nan gizo ke saƙa. Ubuntu ta daina fitar da faifan sakawa na wannan tsari shekaru da dama. Burauzar Chrome ta Linux ta daina fitowa a wannan tsari tun 2016. Debian ta riƙe har fitowarta ta 12, amma ta 13 da ta zo a 2025 ta sauke shi. Akwai ƙananan nau'o'i kamar antiX da Puppy da aka yi su takanas domin tsoffin injuna, kuma za su buɗe netbuk da sauri har ka yi mamaki. Amma da zarar ka buɗe burauza ka shiga Facebook ko YouTube, sai komai ya tsaya. Laifin ba na Linux ba ne, shafukan intanet ne suka yi ƙiba. Shafi guda a yau yana iya cinye ram ɗin da dukan injin ke da shi. Don haka ba na yi wa mai netbuk alkawarin intanet. Abin da nake ce masa: za ta buga wasiƙa, za ta riƙe rajistar ɗalibai da lissafin kuɗin makaranta, za ta kunna karatun Alƙur'ani ta lasifika, za ta buɗe littattafan PDF. Da manhajar Kiwix ma ana iya sauke Wikipedia ta Hausa gaba ɗaya a ajiye a ciki, yara su karanta ba tare da data ba.

A kan manyan injunan, wurin da aka fi yin tuntuɓe shi ne Wi-Fi. Kowane ɓangare na inji yana buƙatar direba, wato ɗan shirin da ke fassara tsakaninsa da babbar manhaja. Masu ƙera kaya suna rubuta wa Windows direba domin nan kasuwarsu take. Wasu, kamar Intel, suna rubuta wa Linux ma a fili, shi ya sa katinsu ke kamawa nan take. Wasu kuma sun daɗe suna ɓoye bayanan kayansu, tsoffin katunan Broadcom sun yi suna a wannan fanni. Sai ka gama saka Linux ka ga babu Wi-Fi, kuma direban da zai gyara shi yana intanet ɗin da ba ka iya shiga. Maganin yana aljihunka: haɗa wayar Android da igiyar caja, ka kunna raba intanet ta USB, Linux zai gane ta ba tare da an saka komai ba, ka sauke direban a minti kaɗan. Debian ma ta sassauta tun 2023, ta fara haɗa irin waɗannan fayiloli a cikin faifan sakawarta. Akwai kuma wasu masu ba da wahala: injunan da ke da katin hoto na Nvidia, da waɗanda idan ka rufe murfi ba sa farkawa daidai, da na ofisoshin waje da aka manta ba a cire musu kalmar sirrin BIOS ba, wato saitin da ke sarrafa yadda inji ke tashi. Wannan na ƙarshe a duba shi tun a shago, domin idan a kulle yake mai yiwuwa ba za ka iya sa injin ya tashi daga filasha ba.

Kuma tashi daga filasha shi ne babbar rahamar da mutane ba su sani ba. Ana iya zuba Linux a filasha mai gigabait 8 da manhaja kamar Rufus ko Ventoy, a kunna inji da ita ba tare da an taɓa ko fayil ɗaya na cikin faifansa ba. Ka gwada Wi-Fi, ka gwada sauti da kyamara da hasken allo, ka rufe murfi ka buɗe. Idan wani abu bai yi ba, ka zare filasha, inji ya koma yadda yake. Ni da zan sayi tokunbo a Ikeja, da filasha a aljihu zan je, in roƙi mai shago minti goma. Sauke faifan Mint ya kusa gigabait 3 na data, amma sau ɗaya ne, filasha guda ta ishi unguwa. Bayan haka kai ke zaɓar ranar da za ka sabunta, inji ba zai shanye maka data da tsakar dare ko ya sake kunna kansa kana cikin aiki ba.

Tambayar da ta fi duk waɗannan nauyi ba ta inji ba ce, ta sana'a ce: me kake yi da kwamfutar, kuma wa kake miƙa wa aikin? Mai zanen kati da kalanda da allon talla a Legas da CorelDRAW yake aiki, domin maɗaba'un Shomolu da Mushin fayil ɗin Corel suke tambaya. CorelDRAW ba shi da na Linux. Akwai Inkscape da Scribus da GIMP, kuma suna aiki mai kyau, amma wanda abincinsa ya rataya a kan fayil ɗin da mai maɗaba'a zai buɗe ya gyara launi, ba zan ce masa ya sauya ba. Haka masu aikin rajista da na'urar ɗaukar zanen yatsa, su tambayi hukumar da ta ba su manhaja kafin su taɓa komai. Ɗalibi da sakataren ƙungiya da malamin makaranta kuwa, LibreOffice ya ishe su. Yana buɗe fayilolin Word da Excel yana kuma adanawa a tsarinsu. Inda ake samun saɓani shi ne shafi ya zame, layi ya tsallaka, saboda nau'in haruffa irin su Calibri mallakar Microsoft ne. Akwai Carlito da Liberation da aka zana su da faɗi iri ɗaya domin toshe wannan giɓi. Abin da ya fi sauƙi ma shi ne ka mayar da takarda PDF kafin ka kai shagon bugawa, yadda ka tsara haka za ta fito.

Wani abu da ya faranta wa malaman makarantar rai shi ne rubutu. A jerin allunan rubutu da ke zuwa da Linux, ƙarƙashin Nijeriya, akwai na Hausa da na Yarabanci da na Ibo. Mutum ya rubuta ƙasa da ƙugiyarta, ba kasa ba. Ya rubuta ɗaki, ba daki ba. Larabci ma yana nan, daga dama zuwa hagu, da wasullansa, ana sauyawa da danna maɓalli biyu. Ga makarantar da takardar jarrabawarta ke ɗauke da harsuna uku, wannan aiki ne na kullum.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wanda kuma na ɗauka shi ne ainihin dalilin da ya sa Linux bai yaɗu a tsakaninmu ba. Ka sa wa mutum Linux, komai na tafiya daidai wata shida. Ran nan firinta ta ƙi bugawa, ko wani saƙo ya fito da Turancin da bai gane ba. Ba ka kusa. Ya ɗauki inji ya hau mota zuwa wurin mai gyara. Mai gyara ya buɗe ya ga fuskar da bai sani ba, ya ce an lalata maka kwamfuta, sai an yi fomatin. Ya share komai ya mayar da fasasshen Windows, ya karɓi kuɗinsa. Na ga an yi wa wani ɗan'uwa haka, kuma lissafin shagonsa na shekara guda ya tafi a ciki, domin Windows ba ya karanta faifan da aka tsara da tsarin Linux, mai gyaran ya ɗauka babu komai. Ban ga laifin mai gyaran sosai ba, abin da aka koya masa ke nan. Windows ya yi ƙarfi a Legas ne domin ko'ina ka juya akwai wanda ya san shi, ko da sanin bai wuce sharewa da sakewa ba.

Saboda haka wanda ya kamata ya fara koyon Linux a cikinmu shi ne mai gyara, kafin mai amfani. Yaranmu da ke zaune a ƙarƙashin lema a Agege da Idi-Araba da Obalende suna canza gilashin waya suna yi mata filashin, da Linux suke wasa kullum ba su sani ba, domin Android a kan zuciyar Linux aka gina shi. Tazarar da ke tsakaninsu da wannan ilimi ba ta da yawa. Kuma ilimi ne da ba ya tsayawa a benci. Yawancin manyan injunan da ke riƙe da shafukan intanet Linux suke amfani da shi, kuma tun ƙarshen 2017 dukan manyan kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya a kansa suke. Kamfanonin fasaha da ke Yaba suna neman wanda ya iya baƙin allon nan da ake rubuta umarni a ciki. Yaron da ya koyi gano dalilin da ya sa Wi-Fi ya ƙi kamawa, ya karanta saƙon kuskure ya bi sawunsa har ya gyara, ya riga ya taka matakin farko na wannan aiki, kuma da tsohon injin da ba wanda ke so zai koya. Babban cikas shi ne kusan duk bayanin da Turanci yake. Wanda ya iya a cikinmu, ya zauna da yaro biyu ko uku ya yi musu bayani da Hausa, ya bar su su lalata su gyara.

Da wannan tunani na ƙi taɓa injunan makarantar ni kaɗai. Na roƙi Malam ya ba ni ɗaya daga cikin matasan malamansa, muka yi Asabar biyu tare. Shi ya zuba Mint a filasha da hannunsa, shi ya kwashe fayilolin makaranta ya adana a wuri biyu kafin a share komai, shi ya haɗa wayarsa ya sauke direban Wi-Fi na injin da ya ƙi. Biyu daga cikin manyan suka samu SSD da Mint mai fuskar Xfce. Na ukun muka bar shi da Windows ɗinsa domin da shi ake zana takardar shaidar sauka, amma muka raba shi da intanet, kuma muka hana a riƙa soka masa kowace filasha. 'Yar ƙaramar ta samu antiX. Tana ajin 'yan hadda yanzu, an haɗa ta da lasifika, malamin yana maimaita wa yara aya sau nawa suke so. A bayan murfin kowanne mun manna takarda da aka rubuta da Hausa da Turanci cewa wannan inji Linux ne a ciki, kada a yi masa fomatin sai an tuntuɓi makaranta.